Injin Jirgin Ruwa Na Hannu: A Kan Ruwa Ake Cinikinsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kwatar Yawuri ranar kasuwa, ko a Lakwaja inda Kwara da Binuwai suka haɗu, ya ga yadda jiragen fito ke isowa ɗaya bayan ɗaya, shaƙe da mutane da buhunan hatsi da kwandunan kifi, wani lokaci har da babura da awaki. Abin da ke tura dukan wannan kaya shi ne wani ɗan inji da aka maƙala a bayan jirgin, wanda ƙarti biyu za su iya sungumarsa su kai gida. A kan wannan inji abincin mai jirgi yake, a kansa kuma rayukan fasinja suke.

Da yawa daga cikin waɗannan injuna ba sababbi aka saye su ba. Tsadar sabo ta sa ɗan fito da masunci sun koma ga na hannu, ko wanda aka shigo da shi daga ƙasashen waje, ko kuwa wanda ya riga ya yi shekaru yana aiki a nan gida. Sayen na hannu ba laifi ba ne, gama akwai injin da ya shekara goma kuma yana da sauran goma a gaba. Amma fa akwai bambanci tsakaninsa da sayen tsohuwar mota. Mota idan ta mutu a hanya, direba ya gangara gefe, fasinja su sauka su nemi inuwa. Jirgi kuwa idan injinsa ya ɗauke a tsakiyar kogi, ba shi da gefen da zai gangara. Ruwa ne zai juya shi ya ba igiya haƙarƙari, ya kuma kai shi inda ya ga dama.

Mai karatu bai manta da abin da ya faru a watan Mayu na 2021 ba, lokacin da jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Warra ta jihar Kebbi ya nutse da mutum fiye da 150 a ciki, kaɗan suka tsira. Haka kuma a watan Yuni na 2023 mutum fiye da 100 suka rasu a yankin Patigi ta jihar Kwara suna dawowa daga biki. Abubuwan da aka fi ɗora wa laifi a irin waɗannan haɗura su ne lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da tsufan jirgi, da kututturan da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa. Sai dai kowane matuƙi ya sani cewa da inji ake kauce wa kututture, da shi ake fuskantar igiya, da shi kuma ake rugawa gaɓa idan hadari ya taso. Saboda haka zancen lafiyar inji ya wuce zancen riba da hasara.

Abin da wannan bayani yake son ya tabbatar guda ɗaya ne. Kada ka biya kuɗin injin da ba ka ga an tayar da shi da sanyinsa ba, ba ka leƙa cikinsa ba, ba ka kuma hau ruwa da shi da kaya ba. Duk cinikin da aka ƙulla ba tare da waɗannan uku ba, cinikin biri a sama ne.

Kafin Ka Bar Gida

Abu na fari, san jirginka. Ana auna ƙarfin waɗannan injuna da doki, kuma waɗanda suka fi yawa a ruwayenmu su ne masu doki 15 da 25 da 40, sa'an nan masu 75 ga manyan jiragen kaya. Ƙaramin inji a babban jirgi kullum a wahale yake, ba ya kuwa daɗewa. Babban inji a ƙaramin kwalekwale yana danne bayansa, yana kuma girgiza katakon har kusoshi su saki. Inji mai doki 40 nauyinsa ya kai wajen kilo 70, kafin a zo ga tankin mai da matuƙi.

Sa'an nan ka auna tsawon katakon baya inda za a rataye injin, gama ƙafar inji iri biyu ce a galibi. Akwai gajera, ta katako mai inci 15, akwai kuma doguwa, ta mai inci 20. Ƙa'idar ita ce, faffaɗan farantin nan da ke bisa farfela ya zo daidai da gindin jirgi ko ya ɗan yi ƙasa kaɗan. Idan ƙafar ta gaza, farfela za ta riƙa kamo iska, injin ya yi ta ƙara jirgi ba ya gaba, ruwan sanyaya shi ma ya yanke. Idan ta yi tsawo, sai jan ruwa da shan mai da karo da yashi.

Abu na biyu, tambayi kanka inda za ka sami kayan gyara. Wani Ba'amurke mai suna Ole Evinrude, haifaffen ƙasar Norway, yana cikin waɗanda suka fara ƙera irin wannan inji don sayarwa, wajen shekarar 1909, sunansa kuwa ya daɗe a kasuwa, amma a 2020 aka daina ƙera injunan Evinrude. Kamfanonin Japan sun shigo daga baya, Tohatsu a 1956, Yamaha a 1960, Suzuki a 1965, kuma nasu ne suka cika ruwayen Afirka ta Yamma. Ba muna cewa wannan ya fi wancan nagarta ba ne. Magana ita ce, injin da makanikin garinku ya saba da shi, wanda za ka sami fistin da gasket da farfelarsa a kasuwa mafi kusa, ya fi maka wanda za ka jira wata uku kafin a aiko da abin da ya lalace.

Haka nan ka san irin injin. Akwai mai bugu biyu, watau wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya kamar baburan da, akwai kuma mai bugu huɗu, wanda baƙin mansa yake daban kamar na mota. Na farkon ya fi sauƙin gyara da sauƙin ɗauka, amma ya fi shan mai da hayaƙi. Na biyun ya fi tsimin mai, amma ya fi nauyi, gyaransa kuma yana son gwani.

Abu na uku, tafi da makanikinka, wanda kai ka ɗauko shi, kai za ka sallame shi. Dillali yana da amfaninsa, amma la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, don haka kada ka mai da shi alƙali.

Wane Ruwa Ya Sha?

Tambayar farko da za ka yi wa mai inji ita ce, a wane ruwa ya yi aiki? Injin da ya yi rayuwarsa a tafkin Kainji ko tafkin Chadi dabam yake da wanda ya fito daga Ikko ko Warri ko Fatakwal. Jikin inji alminiyam ne, notunansa kuwa ƙarfe, ruwan gishiri yana shiga tsakaninsu ya haɗe su har su zama kamar an yi musu walda. Yana kuma taruwa a cikin hanyoyin ruwan da ke zagaye silinda, ya toshe su, ya cinye su daga ciki inda ido ba ya kaiwa.

Alamunsa ba sa ɓoyuwa ga mai lura. Za ka ga wani farin gari kamar kanwa a kewayen notuna da bakin gasket, ka ga fenti ya kumbura, idan ka ƙwaƙula da farce ya ɓare. Dubi kuma 'yan dunƙulen tutiyar nan da ake ɗaura wa ƙafar inji domin gishiri ya ci su maimakon ya ci jikin. Idan sun cinye ƙurmus ba a sake ba, to, gishirin ya wuce kansu. Ka sa makanikinka ya ɗora sifana a kan noti ɗaya ko biyu na ƙafa. Notin da ya ƙi motsi yau, ranar gyara karyewa zai yi a ciki.

Sabon fenti kada ya burge ka, sau da yawa kyan ɗan maciji ne. Tsohon inji mai fentinsa na asali, ko da ya koɗe, ya fi faɗin gaskiya. Shafa hannunka a ƙafar da wurin rataya, ka ji ko akwai tudun walda da aka goge aka shafe. Dubi ɗan ƙegen da ke ƙarƙashin farfela. Idan ya karye ko an yi masa ƙari, injin ya taɓa dukan dutse ko kututture, kuma dukan da ya karya ƙege yana iya tanƙwara abin da ke ciki. Wannan ya fi yawa a tafkunan da aka yi da madatsa. Tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968 ruwa ya rufe dazuzzuka da tsofaffin garuruwa, har yau kuwa kututtura suna nan.

Buɗe Murfi

Ka je da sassafe, ka kuma gaya wa mai shi kada ya tayar da injin kafin ka iso. Da zuwanka ka cire murfi ka ɗora tafin hannu a kan silinda. Idan ka ji ɗumi, an riga ka, sai ka zauna ku yi hira har ya huce, ko ka dawo gobe. Dalili kuwa, inji mai rauni yana tashi da sauƙi idan ya yi zafi, da sanyinsa ne yake tona asirin kansa.

Dubi launin fentin da ke kan silinda. Idan ya ƙone ya yi ja ko ya yi duhu fiye da sauran jikin, injin ya taɓa yin zafin da ya wuce kima. Dubi wayoyi, ko sun bushe sun tsattsage, ko an yi ta ɗaure su da leda. Kama fulawil da hannu biyu ka jijjiga shi gefe da gefe. Bai kamata ka ji yana wasa ba, in kuwa yana yi, boris ɗin karanshaf ya ci. Ja igiyar tayarwa a hankali. Lafiyayyen inji yana turjewa, ka ji kowane fistin yana ja da kai, kuma turjiyar tana zuwa daidai da juna.

Sai a kwance fulogi. Bakin fulogin inji mai lafiya yakan yi ruwan ƙasa, ko ya ɗan yi baƙi da damshin mai a mai bugu biyu. Wanda ya yi fari fat, wuta ta yi masa yawa. Wanda ya fito wanke tas kamar sabo alhali ɗan'uwansa yana da dauɗa, ko aka ga tsatsa ko ɗigon ruwa a bakinsa, alama ce ruwa yana shiga wannan silinda. Idan ka ga 'yan ɓurɓushin alminiyam a manne da shi, fistin ne yake narkewa, sai ka yi sallama. Idan kuma ka tarar an sa sababbin fulogi ranar da ka zo, ka sake kwance su bayan gwajin ruwa.

Babban awo shi ne na matsin iska a cikin silinda. Akwai wani ɗan agogo da ake ɗaurawa a ramin fulogi, a buɗe totur, a ja igiya sau huɗu ko biyar, a karanta. Ba shi da tsada, kuma makanikin da ya san aikinsa bai kamata ya rasa shi ba. Adadin da ya dace ya danganta da irin injin, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne silindojin su yi kusa da juna, kada bambancinsu ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. Misali, idan ɗaya ta nuna 120 ɗayar 115, babu damuwa. Idan ɗaya ta nuna 120 ɗayar 90, to, ringi ya ci ko silinda ta karce, gyaran kuwa sai an wargaza injin gaba ɗaya.

Ƙafa Da Farfela

A can ƙasan ƙafa akwai akwatin giya, cike da mansa, kullum kuma a nutse cikin ruwa. Abin da ke raba man da ruwan 'yan robobi ne da makanikai ke kira sil. A sassauta sukurun da ke ƙasa a bar man ya ɗan ɗiga a tafin hannu. Mai lafiya yana da launin zuma, ko ya yi duhu idan ya tsufa. Idan ya fito fari kamar madara ko kamar koko, ruwa ya shiga. Idan ruwa zalla ya fara fitowa, ya daɗe a ciki, haƙoran giya da boris sun sha tsatsa. Kan sukurun yakan zama da maganaɗisu. Ɗan laushin garin ƙarfe a jikinsa ba kome ba ne, amma gutsattsarin da za ka ji a yatsa, haƙori ne yake karyewa.

A sa giya a firi, a juya farfela da hannu, kai kuwa ka tsura wa tsakiyar sandarta ido. Idan tana layi, ta tanƙware, za ta kuwa yi ta cinye sil komai yawan sakewa. A cire farfelar a duba bayanta. Sau da yawa za a sami zaren kalli ko na fatsa ya nannaɗe a wurin ya narke, shi ne kuwa babban mai yanka sil a ruwan masunta. Farfelar da kunnenta ya ɓalle abin sakewa ce, sai a rage kuɗinta a ciniki. Akwatin giyar da ya tsage kuwa, wannan babbar magana ce.

Fitsarin Inji

Wannan inji da ruwan kogi yake sanyaya kansa. A cikin ƙafa akwai wata 'yar farfelar roba da ke zuƙo ruwa ta tura shi sama ya zagaye silinda. Ruwan ne kuma yake sa mata santsi, don haka idan aka tayar da inji a tudu babu ruwa, kafin minti ɗaya ta ƙone. Duk mai sayarwar da ya ja igiya a cikin shago ya ce ka ji daɗin ƙararsa, ya nuna maka yadda ya saba riƙon injin. Aƙalla a tsoma ƙafar cikin duro, ruwa ya rufe ramukan da yake shiga.

Da ya tashi, kai dubanka ga ɗan siririn ruwan da ke tsartuwa daga bayansa, wanda matuƙa ke ce wa fitsari. Ya kamata ya fito nan da nan, da ƙarfi, ba yankewa. Wani lokaci rashinsa ba wata babbar cuta ba ce, zanzaro ne ya yi gini a ramin, ko yashi ya toshe, sai a zura 'yar waya ya buɗe. Amma idan an zura bai zo ba, a kashe injin. Ita robar ba ta da tsada, kuma duk wanda ya sayi na hannu ya kamata ya sake ta tun kafin fitarsa ta farko, balle a kogi mai yashi irin Kwara. Abin tsoro shi ne ɓarnar da zafi ya riga ya yi kafin ka zo.

A Hau Ruwa

Duro yana nuna cewa inji yana tashi, amma ba ya nuna ƙarfinsa. Injin da silindarsa ɗaya ta mutu ma yana iya yin kururuwa a firi. Saboda haka sai an ɗaura shi a jirgi, an ɗora kaya kwatankwacin abin da za ka riƙa ɗauka, ko da buhunan yashi ne, an fita. A tafi da filafili da rigunan kariya, kada kuma a yi nisa da gaɓa.

Ka ba shi aƙalla rabin sa'a, gama wasu cututtukan, kamar na kwayil, ba sa fitowa sai inji ya gasu. Ka bar shi a silo ka ga ko zai zauna ba tare da an riƙa yi masa totur ba. Sa giyar gaba, koma firi, sa ribas, ka ji ko suna shiga da ƙwas ɗaya. Sa'an nan ka buɗe masa wuta a hankali har ƙarshe, ka riƙe shi a nan mintoci da dama, ka kuma gwada shi yana haura ruwa. Idan ya shaƙe lokacin da aka ba shi wuta, ko kafireto ne ko kuwa rashin matsi. Idan ka ji wani bugu daga ƙasa kamar an doki kututture alhali ba a doki kome ba, giya ce take kufcewa. Idan ƙara ta ƙaru amma gudu ya ragu, robar cikin farfela ce take sulɓi. Ƙwanƙwasa daga cikin kai kuwa, ba a ciniki da ita.

Daga nan ka kashe shi, ka jira minti biyar, ka sake ja. Wannan shi ne gwajin da ya fi kama da ranar wahala, ranar da ciyawa ko raga ta naɗe farfela a tsakiyar ruwa, aka kashe aka warware, ana so ya tashi a ja ɗaya ko biyu. Mai injin da ya ƙi yarda a hau ruwa, ko ya ce sai ka biya tukuna, ya riga ya ba ka amsa. Kuɗin man gwaji kai za ka biya, kada ka ji ƙyashinsa.

Takarda Da Shaidu

Kowane inji yana da lambarsa a kan wani ɗan faranti da ke jikin wurin rataya. Idan an cire farantin, ko an kankare lambar, ko an shafe ta da fenti, ka janye hannunka komai arahar. Satar injin jirgi sananniyar aba ce, musamman a rafukan kudu inda 'yan fashin ruwa kan tare masunta su kwance musu inji, kayan sata kuwa yakan yi tafiya mai nisa kafin a sayar. Ranar da mai shi ya gane abinsa, kai za a kama, ka rasa inji ka rasa kuɗi, wataƙila har da mutunci.

Nemi rasit na asali. A rubuta takardar ciniki da sunan mai sayarwa da naka, da irin injin da lambarsa da kuɗinsa, a gaban shaidu, zai fi kyau a gaban sarkin ruwa ko shugabannin 'yan fito na wannan kwata. Duk aibin da aka gani a rubuta shi, a kuma rubuta kwanakin da aka yarda za ka iya mayarwa idan wani ya ɓullo. Malamanmu sun bayyana cewa wajibi ne mai sayarwa ya faɗi aibin da ya sani, kuma mai saye yana da zaɓin mayar da kaya idan ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa. Wannan gargaɗi ne ga masu sayarwa su ma. Wanda ya shafe tsaga da fenti ya sayar wa ɗan fito, ya tuna cewa mata da yara ne za su zauna a gaban wannan inji.

Lissafin Ƙarshe

Kada ka zuba dukan jarinka a kan sayen. Ware wani abu domin sabuwar robar ruwa, da man giya, da fulogi, da wanke kafireto, da farfelar ajiya. Ka kuma yi lissafin mai, domin tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, mai ne ya zama babban abin da ke cin ribar ɗan fito. Inji mai bugu biyu mai doki 40 yana iya shan kusan lita 20 a sa'a guda idan an buɗe masa wuta duka, wanda ya gaji kuwa ya sha mai bai ba da gudu ba. Rangwamen da ka samu ranar saye yana iya ƙarewa a gidan mai kafin damina ta fita. Araha dai ba ta ado.

In Allah ya sa ka dace, to, ka riƙe shi da kyau. Yawancin masu bugu biyu ana gauraya musu kashi 1 na baƙin mai cikin kashi 50 na fetur, watau rabin lita a tanki mai lita 25, amma ka bi abin da aka rubuta wa naka injin, ka kuma yi amfani da man da aka yi domin injin ruwa. Tace fetur, rufe tanki daga ruwan sama, ka riƙa duban fitsarin nan kamar yadda direba ke duban madubi. Kome lafiyar inji kuma, bai ba ka izinin ƙara mutum ɗaya a kan abin da jirgi zai iya ɗauka ba.

Gwajin nan duka bai wuce aikin yini guda ba. Idan injin ya ci jarrabawa, ka biya da kwanciyar rai. Idan ya faɗi, hasararka kuɗin mota ne da na makaniki da 'yan litocin fetur, ka koma gida da jarinka a aljihu, wani injin yana nan tafe. Allah ya kiyaye matafiyanmu na ruwa da na tudu, ya kuma sa albarka a cikin sana'a, amin.